Jijiyoyin jini sun haɗe a ƙeyar Baffa: a yanka ne ko a toshe ta cikin jijiya?

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman shawara game da baffana, ƙanen mahaifina, mai shekara 63, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana fataucin goro tsakanin Kumasi da arewa. Wata bakwai ke nan da abin ya soma, kuma ya soma ne a hankali ƙwarai, har babu wanda ya kula. Abin da na fara gani da idona shi ne, wata asuba muna tafiya masallaci takalminsa na dama ya zame ya tsaya a baya, shi kuwa ya ci gaba da tafiya taku huɗu ko biyar a kan tsakuwa bai sani ba, sai da na ɗauko na ajiye masa a gabansa. Daga nan ƙafafu suka yi nauyi, ya koma salla a zaune, fitsari ya riƙa yi masa gardama, a watan jiya kuma hannu ya shiga, har maɓallin riga yana gagararsa.

A asibitin da muka fara zuwa an ɗauki hoton ƙashi, aka ce tsufan ƙashin wuya ne, aka ba shi abin ɗaure wuya da maganin ciwo. A na biyu an yi hoton MRI, aka ce laka ce ta kumbura, aka ɗaura masa ruwa mai sitiroyid, maganin rage kumburi. Da sanda ya shiga asibitin da ƙafarsa, amma a rana ta biyu tsayuwa ma ta gagara. Sai da wani likitan ya sake duba hoton ya ga waɗansu ɗige-ɗige baƙaƙe a jikin lakar, ya tura mu Akra aka yi hoton jijiyoyin jini. An ce akwai wurin da jijiyoyi biyu suka haɗe ba bisa ƙa'ida ba, daidai inda ƙoƙon kai ya zauna a kan ƙashin wuya. An ba mu zaɓi biyu: a buɗe ƙeya a datse, ko a bi ta cikin jijiya daga cinya a toshe. Gida ya rabu biyu, wasu ma sun ce kada a taɓa shi sam. Wanda ya san wani abu ya taimaka mana.

Hajiya mai atamfa, Kejetia:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Alhaji lafiya, ya sa kaffara ne. Ɗana, ni dai ƙeya nake tsoro, domin tun muna yara muke ji cewa nan ne makasa, shi ya sa ba a bari a doki yaro a wurin. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗora huhun goro a kai, me zai hana jinin wuyansa ya taru? Ku gwada ƙaho tukuna a cire mataccen jinin, in bai yi ba sai a yi maganar wuƙa.

Likitan hoto, ɗan Asawase mazaunin Jamus:
Hajiya, tsoronki yana kan hanya, amma ki yi haƙuri in ce ƙaho ba zai kai wurin ba, domin jinin da ƙaho ke ja na ƙarƙashin fata ne, wannan kuwa yana can ciki bayan tsoka da ƙashi. Bari in yi bayani a tsanake, saboda ciwon ba kasafai ake ganinsa ba, likita yana iya yin aiki har ya yi ritaya bai haɗu da shi ba.

A gindin ƙoƙon kai akwai rami mai faɗin kimanin santimita 3, ta nan tushen ƙwaƙwalwa ke zarcewa ya zama laka. Ƙarƙashinsa akwai ƙashin wuya na farko mai kama da zobe, wanda ke ɗauke da kai, sai na biyu wanda kai ke juyawa a kansa. Kusan rabin waiwayen da mutum ke yi a tsakanin waɗannan biyun yake faruwa. Manyan jijiyoyin jini biyu suna hawowa ta cikin hudojin ƙasusuwan wuya, dama da hagu, su lanƙwasa a kan ƙashin farko, su huda tantani mai kauri da ya lulluɓe laka da ƙwaƙwalwa, sannan su haɗe su zama guda. A ƙa'ida, jinin da zuciya ta turo da ƙarfi sai ya ratsa siraran jijiyoyi waɗanda ido ba ya gani, ƙarfinsa ya karye, sannan ya shiga jijiyoyi masu mayar da shi zuciya, waɗanda bangonsu ba shi da kauri. A ciwon Alhaji, wani ɗan reshe na jijiya mai kawowa ya buɗe kai tsaye cikin jijiya mai mayarwa. Sunan wannan a likitance fistula, kalmar da kuka sani a yoyon fitsari, ma'ana hanya ta buɗe inda bai kamata ba.

Kai da kake Aboabo ka san yadda kwata ke yi da damina. Ka ƙaddara bututun famfo da ya taso daga Barekese, madatsar ruwan da ke shayar da Kumasi, ya fashe a cikin kwatar unguwa. Kwatar za ta cika ta tumbatsa, ruwan wanke-wanken gidaje ya rasa hanyar fita, ya koma tsakar gida ya kwanta. Haka lakar Alhaji take yanzu: jinin da ta gama amfani da shi ya rasa mafita, sai ta jiƙe ta kumbura, sabon jini kuma ya kasa shiga yadda ya kamata. Baƙaƙen ɗige-ɗigen da likita ya gani su ne jijiyoyin da suka cika suka murɗe. Tun 1926 likitoci biyu na Faransa, Foix da Alajouanine, suka bayyana irin wannan lalacewar laka, amma sai a 1974 Aminoff da Logue a Ingila suka kawo bayanin cewa cunkoson jini a jijiyoyi masu mayarwa ne sanadi.

Batun ɗaukar kaya kuwa, yana jawo ciwon wuya da zaizayar ƙashi, wannan gaskiya ne, kuma 'yan kayaye, masu dakon kaya a kai a kasuwar Kejetia ta Kumasi, shaida ne. Amma wannan ciwon an fi ganinsa ga maza masu shekara 50 zuwa 70, har a ƙasashen da ba a ɗaukar ko kwano a kai, kuma mafi yawan masu shi ba a samun wani dalili da za a nuna a ce shi ne.

Direban babbar mota, Nima:
Likita, mun gode, amma ni abin da ke ci mini rai shi ne wancan ruwan da aka ɗaura masa. Mutum ya shigo da ƙafarsa ya fita a keken marasa lafiya, a ce ba laifin kowa? Ɗan'uwa, shawarata ku haɗa kuɗi ku kai shi Indiya, kada ku sake ba da wuyansa a nan.

Likitar tiyata, Akra:
Yaya direba, fushinka yana da dalili. An sha rubutawa cewa sitiroyid yana iya tsananta wannan ciwo cikin sa'o'i, ana kyautata zaton saboda yana sa jiki ya riƙe ruwa, cunkoson ya ƙaru. Wasu suna farfaɗowa bayan an daina, wasu ba sa komawa yadda suke. Sai dai ka duba inda likitan yake tsaye: a hoto, laka mai cunkoson jini da laka mai kumburin garkuwar jiki, wato wadda garkuwar jikin mutum ta far wa da kanta, sun yi kama ƙwarai, na biyun kuma sitiroyid ne maganinsa, jinkirta shi kuwa yana gurgunta mutum. A ƙasarmu kuma dole ya tuna da tarin fuka na ƙashin baya, da tsargiya da kan kai laka, da ƙari, da ƙarancin bitamin B12. Wannan kuskuren ana yinsa a Amurka da Japan ma. Inda nake ganin an gaza shi ne tarihin ciwon: kumburin garkuwar jiki yakan faɗo cikin kwanaki, na Alhaji kuwa ya yi watanni yana hawa daga ƙafa zuwa hannu, ga shi dattijo. Wannan kaɗai ya isa a tsaya a nemi ɗige-ɗigen kafin a ɗaura ruwa.

Indiya kuwa ba na hana kowa, amma biza da tara kuɗi suna cin makonni, lakar da ke jiƙe ba ta jira. Asibitin Korle Bu na Akra da na Komfo Anokye a Kumasi duka suna da sashen tiyatar ƙwaƙwalwa da laka. Abin da za ku tambayi duk likitan da zai yi aikin, a nan ko a waje, shi ne ko ya taɓa yin irinsa, ko yana da madubin tiyata mai ƙara girma, da kuma yadda zai tabbatar ya datse jijiyar da ta dace.

Ra'ayina a kan ainihin tambayarka, ɗan'uwa, shi ne tiyata. Ana kwantar da mutum, a tsaga ƙeya, a cire ɗan ƙashi daga gindin ƙoƙon kai da bayan ƙashin wuya na farko, a buɗe tantanin, a nemo jijiya mai mayarwa daidai inda ta fito, a matse ta da ɗan ƙarfe ko a ƙona a yanke. Ba a taɓa lakar kanta, kuma ba a cire kumburarrun jijiyoyin, domin laka tana bukatarsu. Da zarar an datse, jijiyar da take ja saboda jinin zuciya sai ta koma launinta mai duhu ta saki, kana kallo. Inda akwai kayan aiki, ana zuba wani koren rini a jini, a gan shi ta madubin kafin datsewa da bayanta.

Likitan hoto, ɗan Asawase mazaunin Jamus:
'Yar'uwa likita, ban ƙi maganarki ba, amma kada a rufe ɗaya ƙofar tun ba a ga hoton ba. Dattijo mai shekara 63 da ya yi wata yana kwance, sai an duba zuciyarsa da huhunsa kafin a ce zai jure kwanciya rub da ciki na sa'o'i a ƙarƙashin maganin barci. Ta ɗaya hanyar, ana shigar da siririn bututu ta jijiyar matsematsi, dabarar da Seldinger ɗan Suwidin ya fito da ita a 1953, a tura shi har wuya, a zuba wani gam, dangin wanda ke kama yatsa nan take, ko wani ruwa mai daskarewa da ake kira Onyx. Babu tsaga, kuma mutum yana iya tashi washegari. In reshen da ke ciyar da haɗin guda ɗaya ne, miƙaƙƙe, kuma ya fito daga jijiyar da ba ta shayar da laka, ana samun nasara.

Likitar tiyata, Akra:
Yaya likita, "in" ɗin nan taka uku ce, kuma a ƙeya da wuya su cika. Rassan wurin sirara ne, a murɗe, suna fitowa daga babbar jijiyar da ke shayar da tushen ƙwaƙwalwa, wani lokaci ma daga tushe ɗaya da jijiyar laka. In gam ya dawo baya ko ya kauce, abin da zai mutu shi ne wurin da ke kula da haɗiya da numfashi. In kuma ya tsaya bai kai bakin jijiya mai mayarwa ba, hoto zai nuna kamar an gama, bayan watanni wani reshen ya buɗe, ciwo ya dawo. Likitocin Japan sun fi kowa tattara bayanai a kan wannan. A 2018 sun fitar da nazarin marasa lafiya 54 daga asibitoci da dama, inda suka kasa ciwon gida biyar gwargwadon inda haɗin yake. Daga baya sun kwatanta hanyoyin biyu a kan mutum 97: cikin 78 da aka yi wa tiyata, 2 ne suka bukaci a sake, cikin 19 da aka toshe wa ta jijiya kuwa 12 ne.

Likitan hoto, ɗan Asawase mazaunin Jamus:
Na san nazarin, kuma ba zan ɓoye cewa ya karkata wajenki ba. Abin da zan ce kawai shi ne mutum 19 kaɗan ne, kuma ba ƙuri'a aka jefa wajen raba su ba, likitoci ne suka zaɓa wa kowa hanya. Ɗan Aboabo, ka rubuto mana abin da takardar hoton ta ce game da reshen da ke kawo jinin, da kuma inda jinin ke bi, sama ko ƙasa, ban da sunan Alhaji.

Nas, Asawase:
Kafin ya amsa, Likita, mene ne bambancin sama da ƙasa? Ina tambaya ne saboda na taɓa karɓar wani dattijo da aka kawo da ciwon kai wanda ya ce kamar an sara masa gatari a ƙeya yana cikin alwala, ga amai, ga wuya ya sanƙare. Lokacin zafi ne, kuma bai daɗe da dawowa daga Bawku ba, can arewacin Ghana inda ake yawan samun sanƙarau, kowa ya ce shi ne. Da aka ɗebi ruwan baya sai ga jini. Daga baya na ji an ce irin wannan haɗin ne a wuyansa.

Likitan hoto, ɗan Asawase mazaunin Jamus:
Tambayar ta yi kyau, 'yar'uwa, kuma nan ne ciwon ƙeya ya bambanta da ɗan'uwansa na tsakiyar baya, wanda ya fi shi yawa kuma da ƙyar yake zubar da jini. In jinin ya gangara ƙasa ta jijiyoyin laka, ana samun irin na Alhaji, ciwo mai tafiyar hawainiya. In ya haura cikin kai, jijiyar takan yi ƙululu ta fashe, jini ya malala kewaye da ƙwaƙwalwa, shi ne na dattijonki. Akwai kuma wanda cunkoson ke tsayawa a tushen ƙwaƙwalwa, ya zo da jiri, da shaƙuwa da ta ƙi tsayawa, da ƙwarewa in ya sha ruwa. Abin da zai raba miki zubar jini da sanƙarau tun a bakin ƙofa shi ne yadda ya fara: sanƙarau yakan ɗauki sa'o'i da zazzaɓi, wannan kuwa mai shi zai gaya miki abin da yake yi a daƙiƙar da ya same shi. Kuma hoton jijiyoyi na farko yana iya fitowa lafiya lau in ba a zuba rini a jijiyoyin wuya na dama da na hagu duka ba, har da rassan da ke shayar da fatar ƙeya da maƙogwaro. Saboda haka in jini ya taru a gindin kai aka ce ba a ga komai ba, a nemi a sake.

Malamin Islamiyya, Tafo Zango:
Allah ya saka wa likitoci da alheri. Ɗana, na ji kana cewa wasu a gida sun ce kada a taɓa shi, kuma na san abin da ake raɗawa idan ɗan kasuwa ya kwanta haka, cewa jifa ne ko ya tsallaka wani abu. Ku ci gaba da addu'a da sadaka, ba sa karo da asibiti, amma abin da aka gani a hoto aka nuna wurinsa da yatsa ya fita daga zato. Sannan ka gaya wa Alhaji kada ya bar salla saboda fitsari, domin na san wannan ya fi ciwon damun dattawa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, fitsarin da ke zuba ba da son mutum ba a mafi yawan lokaci ba ya karya alwala, kuma wanda ya kasa zama yana yi a kwance da nuni.

Ɗan Aboabo:
Malam, Allah ya ƙara girma, na karanta masa maganarka, ya yi shiru ya share ido. Likita, takardar ta ce haɗin yana jikin tantanin ne a gefen dama, daidai ƙashin wuya na farko, rassa biyu sirara daga babbar jijiyar dama ke ciyar da shi, jijiya mai mayarwa guda ɗaya ce kuma ƙasa ta bi. An duba zuciyarsa, an ce ban da hawan jini da yake shan maganinsa babu komai. Wata matsalar ita ce kuɗi. Mun je da katin inshorar lafiya muna tunanin zai ɗauke wani abu, aka nuna mana cewa hoton jijiyoyin jini da tiyatar ƙwaƙwalwa da ba ta hatsari ba suna cikin abubuwan da tsarin ya cire tun farko.

Likitan hoto, ɗan Asawase mazaunin Jamus:
To, in haka ne na janye. Rassa biyu sirara daga wannan jijiyar, da jijiya mai mayarwa guda ɗaya, aikin mai wuƙa ne, kuma da mahaifina ne tiyata zan zaɓa masa. Ga kuɗi ma, gara a biya sau ɗaya da a toshe a dawo a yanka.

Hajiya mai atamfa, Kejetia:
Tunda ku biyun kun haɗu a kan magana ɗaya, na bar zancen ƙaho. Amma 'yata likita, ki gaya wa yaron nan gaskiya, in an yi zai tashi ya yi tafiya?

Likitar tiyata, Akra:
Hajiya, abin da tiyata ke yi shi ne ta tsayar da ɓarna. Sashen lakar da ya jiƙe kawai yakan farfaɗo, wanda ya riga ya mutu ba ya dawowa, kuma babu hoton da zai raba su tun kafin a yi. Yawanci ƙarfin ƙafa da tafiya su ke fara gyaruwa, fitsari da bayan gida da jin zugi ko sagewa su ne masu taurin kai. Wanda aka yi wa yana kan ƙafarsa ya fi wanda ya riga ya kwanta samun sauƙi, shi ya sa nake cewa kowane mako yana da daraja. Haɗari ma akwai: ruwan ƙwaƙwalwa yana iya yoyo ta wurin ɗinki, ƙwayoyin cuta suna iya kama wurin, kuma wani lokaci jinin da ya rage gudu a kumburarrun jijiyoyin yakan daskare, ƙafa ta ƙara rauni bayan aikin. Ku tambayi likitansa waɗannan ɗaya bayan ɗaya a gaban Alhaji, domin shi ne mai wuyan, kuma shi zai sa hannu.

Direban babbar mota, Nima:
Har yanzu ban gamsu da batun ruwan nan ba, kuma ina ganin ya kamata ku koma ku nuna wa wancan likitan sakamakon, ko don na gaba. Amma ka turo lambar da za a tura gudummawa ta MoMo, wato kuɗin waya, ta saƙon sirri, kuma in za ku sauko Akra akwai ɗaki a gidana.

Ɗan Aboabo (bayan mako bakwai):
Jama'a, ku gafarce ni da shiru. An yi aikin, an ɗauki kusan sa'a biyar, ya kwana biyu a ɗakin kulawa ta musamman. Hannu ya dawo sosai, yana jan carbinsa yana cin abinci da kansa. Ƙafa kuma ana gashi sau uku a mako, yana tsayawa da ƙarfen dogarawa, jiya ya taka daga gado zuwa bakin ƙofa, ya kuma yi mana faɗa cewa simintin ɗakin ya yi sanyi, a shimfiɗa tabarma. Robar fitsari dai tana nan, an cire sau ɗaya ya kasa, aka mayar. Yana kuma kukan zugi a tafin ƙafa da dare. Yaya direba, na kai wa likitan takardun kamar yadda ka ce, ya karɓa ya daɗe yana dubawa, ya roƙi in bar masa kwafi.

Likitar tiyata, Akra:
Alhamdu lillahi. Zugin dare na jijiya ne, maganin ciwo na kanti ba ya yi masa, ku gaya wa likitansa akwai wanda ake bayarwa musamman. Batun roba, ku tambaya a koya muku sa ta da cire ta lokaci-lokaci maimakon barinta dindindin, domin hakan ya fi rage ciwon mara. Kada ku tsallake hoton da za a sake bayan watanni ko da yana samun sauƙi, kuma in kuka ga ƙafar da ta fara ƙarfi tana komawa baya, ku dawo da shi a ranar, kada ku jira ranar da aka rubuta muku a kati.